Da Sauƙin Baba Ayuba

Tun da muka dawo ban samu sakat ba. A kasuwa, a bakin masallaci, har mai gyaran babur na kusa da tsohuwar tashar jirgi sai da ya ajiye sifana ya tambaye ni wai da gaske ne a can ruwa yana daskarewa a bokiti. Kowa na gutsura masa ɗan labari mai daɗin ji in wuce. To na gaji da gutsure. Zan rubuta shi gaba ɗaya, har da wurin da ba na son faɗa.

Ni ne sakataren ƙungiyarmu ta manoma da 'yan kasuwar citta. Ban iya noma ba, saye nake yi, kamar yadda mahaifina ya yi a Kafanchan kafin ni. Shugabanmu shi ne Baba Ayuba, mutumin Kagoma, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa da ya koma gona bayan ya yi ritaya. Bayan cutar nan da ta ruɓar mana da citta a ƙasa, wasu masu taimakon manoma suka ɗauki nauyin mutum biyu su je Nepal su ga yadda ake yi a can, don su ma manoman citta ne sosai. Aka zaɓi Baba saboda shi ne shugaba, ni kuma saboda Turanci da rubutu. Baba yana jin Turanci daidai gwargwado, amma ƙarar jirgi ta cinye masa kunnen hagu, na daman ma sai an ɗaga murya. Aikina ke nan tun daga Abuja: in saurara, in maimaita masa da Hausa, in mayar da amsarsa.

A filin jirgin Kathmandu aka fara gwada mini haƙuri. Bizarmu tana nan daram, tun daga gida muka yi ta, amma sai da aka ware mu gefe aka yi ta juya fasfo. Sannan aka buɗe jakar Baba aka ci karo da ƙullin yaji da ƙuli-ƙuli. Ni gumi nake yi ina neman kalmar da zan bayyana yaji, shi kuwa Baba ya kwance ƙullin ya miƙa wa jami'in ya ce in gaya masa ya lasa. Mutumin ya lasa. Ya yi tari har abokan aikinsa suka taru suna dariya, aka rufe mana jaka aka sallame mu.

Mako biyu muka yi a gonakin ƙasa-ƙasa, wuri mai zafi da sauro kamar Godogodo a tsakiyar damina. Abin da muka koyo a can na riga na karanta a taron ƙungiya, ba zan maimaita ba. Abin da ya ja mana shi ne kullum da safe, kafin gajimare ya rufe, akan ga waɗansu duwatsu farare fat can nesa. Baba zai tsaya da kofin shayinsa yana kallo har ya huce. Da aka gama horon, saura mako biyu jirginmu ya tashi, sai ya ce shi fa ba zai koma Kagoma ba sai ya taɓa farin abin nan da hannunsa. Na tuna masa shekarunsa, ya tuna mini cewa duk shekara yana hawa Dutsen Kagoro ba sanda. Ɗaya daga cikin malamanmu ya haɗa mu da wani ɗan'uwansa mai yi wa baƙi jagora zuwa wani kwari da ke kusa da iyakar Tibet. Ni tsoro nake ji, amma ba zan ɓoye ba, ina son hoton nan da zan nuna a kasuwa.

Yini guda muka yi a wata tsohuwar jif, a hanyar da aka sare a jikin dutse. Ta gefen da nake zaune babu komai sai iska, can ƙasa kuma kogi yana ta kumfa. Duk addu'ar da na sani na karanta, har wadda ake yi in za a shiga kasuwa. A ƙarshen hanyar mota aka duba takardun izininmu a wani ɗan shinge, nan kuma jagoranmu ya same mu. Gajere ne, ba ya yawan magana, fuskarsa duk ta ƙone da sanyi. Ya faɗi sunansa, Baba ya juyo yana tambayata me ya ce. Na ɗaga murya na ce, “Tashi.” Baba ya miƙe ya saɓa jaka. Sai da na zaunar da shi na yi masa bayani cewa sunan mutumin ke nan. Daga baya da muka ji gaisuwarsu ma da “tashi” take farawa, Baba ya ce bai taɓa ganin mutanen da ba sa son baƙo ya zauna irin waɗannan ba.

Kafin mu ɗaga ƙafa Tashi ya zaunar da mu ya yi mana gargaɗi, kuma na fassara shi tsaf, ban rage komai ba. Ya ce can sama iska ba ta da ƙarfi, tana kama wasu mutane, kuma ba ruwanta da ƙarfin mutum. Da ciwon kai take farawa, sai amai, sai mutum ya fara tangaɗi, daga nan sai mutuwa. Ya ce ba ta da magani sai saukowa. Don haka kullum safe da yamma zai tambaye mu yadda muke ji, kuma yana roƙonmu gaskiya. Baba ya gyaɗa kai irin na dattijon da yaro yake koya wa riƙon fartanya.

Kwana ukun farko ni ne abin tausayi. Akwai gadojin waya da aka rataya tsakanin dutse da dutse, kana takawa suna lilo, kana ganin kogi ta tsakanin ƙafafunka. A ta farko na durƙusa a tsakiya na ƙi gaba na ƙi baya, sai da Baba ya dawo ya kama kwalar rigata yana cewa, “Sakatare, ka duba ƙeya na kawai, kar ka duba ƙasa.” Ga alfadarai masu ƙararrawa da ke saukowa da kaya ba sa kauce wa kowa. In ka ji su, sai ka manne da jikin dutse, kada ka kuskura ka tsaya ta gefen rami.

Muna hawa, mutane suna canzawa. Gidajen dutse masu rufin shimfiɗe, an jera itace a kai, ga tutoci masu launi-launi suna ta kaɗawa a ko'ina. A tsakiyar hanya sai ka tarar da doguwar katanga ta duwatsu masu rubutu, kuma dole ka bi ta hagunta. Na tambayi Tashi ko bin hagun nan ibada ce, don in ibada ce ni da Baba duka muna da magana. Ya ce a wurinsu ibada ce, a wurin baƙo kuma ladabi ne. Muka bi hagu. A kwarin gaba ɗaya ba a yanka dabba, ko kaza, wanda ya raba ni da damuwar wa ya yi yanka. Shinkafa da miyar wake muke ci, sai wani garin sha'ir soyayye da ake cuɗawa da hannu a cikin shayi. Shayin kuwa gishiri ne da man shanu. Baba ya kurɓa ya ce wannan miya ce, a kawo tuwo. Kuma ba ka isa ka ga ƙasan kofi ba, kana kurɓa ana cikawa. Alwala da ruwan can na yi sau biyu na koma taimama.

A masauki na huɗu wata mata ce mai gidan, sunanta Dawa. Baba ya ce in tambaye ta ko mijinta Gero ne. Ban tambaya ba. Ɗakin cin abinci ɗaya ne, da murhun ƙarfe a tsakiya da ake hura shi da busasshen kashin wata irin saniya mai gashi har ƙasa. A nan, da yamma, na ga Baba ya dafe goshi ya daɗe. Na tambaye shi, ya ce, “Maleriya ne, na san shi. Sauron wancan gona ne ya bi ni.” Ya ciro maganin maleriya da ya taho da shi daga gida ya haɗiya. Kuma wallahi a lokacin na yarda. A wurinmu duk ciwon kai maleriya ne, in ya ƙi tafiya a ce taifot.

Da Tashi ya zo tambayar yamma, ya lura da hannun Baba a goshi. Ya ce in tambaye shi kansa. Na ce, “Baba, wai yaya kan?”

“Da sauƙi,” in ji Baba.

Na juya na gaya wa Tashi da Turanci cewa ya ce ya samu sauƙi.

Ku da kuke karanta wannan kun riga kun ga abin da na yi. Wa ya taɓa zuwa dubiya aka ce masa babu sauƙi? Mahaifina ranar da zai rasu na tambaye shi jiki, da ƙyar ya buɗe baki, abin da ya ce ke nan. Amsar gaisuwa ce, ba labarin jiki ba ce, kuma na san haka tun ina yaro. Amma na ɗauke ta na juya ta kalma da kalma na miƙa wa mutumin da ya roƙe mu gaskiya. Tashi ya dubi Baba, ya dube ni, ya ce to madalla, gobe za mu ci gaba.

Washegari da safe haka aka sake yi, da yamma ma haka. Baba ya daina tsokana, ya koma bayan layi, yana tsayawa duk bayan 'yan taku. Ni ma numfashina sama-sama yake, don haka na ce wa kaina kowa haka yake ji. Farin dutsen ya matso har kana ganin iska tana kwasar ƙanƙara a kansa, Tashi ya ce saura yini ɗaya mu taka ta. Duk lokacin da zuciyata ta ce mini in ja Tashi gefe, sai in ce bari mu ga gobe. Ina tsoron jikin Baba, ina tsoron fushinsa in na sa aka juya da shi, kuma ina son in kai. Ukun nan suka yi ta kokawa a cikina ina tafiya.

Safiyar kwana na shida, a masauki na ƙarshe, wani ɗan gidan dutse kusa da gidan ibadarsu, na idar da salla na juyo na ga Baba zaune a bakin gado yana fama da takalmi. Ya sa na hagu a dama, yana ta jan igiyar ya kasa ɗaurewa. Na durƙusa zan taya shi, sai ya kira ni Bitrus. Ya ce in yi sauri in juya layi, jirgin Jos yana tahowa. Ban san wani Bitrus ba. Daga baya na ji abokin aikinsa ne da ya daɗe da mutuwa.

Ban san lokacin da na fita tsakar gida ina kiran Tashi ba. Ya zo ya fito da Baba waje, ya ja layi a ƙasa da sanda, ya ce ya bi layin ƙafa gaban ƙafa. Taku biyu Baba ya yi ya tafi gefe, muka tare shi. Mutumin da ya ja ni a kan gada ya kasa bin layi a fili.

Tashi bai yi tsawa ba, da ma ya yi. Ya tambaye ni tun yaushe, na ce kwana ɗaya da rabi. Ya ce amma kullum ina ce masa ya samu sauƙi. Na fara yi masa bayani cewa haka muke cewa, ko mutum yana bakin mutuwa haka zai ce, ina magana ina jin yadda maganar take wauta a cikin kunnena. Ya saurara har na gama, sannan ya ce, “Mutanenmu in iska ta kama su, leɓensu nake dubawa, yana canza launi. Naku ban iya karanta shi ba. Bakinka kaɗai nake da shi.”

Waya ba ta kamawa a wurin, gajimare kuma ya rufe kwarin, don haka maganar jirgi mai saukar ungulu ba ta taso ba. Ya ba Baba wata ƙwaya daga jakarsa, ya ruga gidan ibadar ya dawo da doki da mai shi. Aka ɗora Baba aka ɗaure shi da majanyi a jikin sirdi, Tashi yana gefe ɗaya, ni ina riƙe da ƙafarsa ta ɗaya gefen. Tashi ya ce aikina ɗaya ne, kada in bari ya yi barci.

Ban taɓa yin yini mai tsawon wannan ba. Na yi ta yi masa surutu a kunnen dama, farashin citta, rigimar taki, sunayen 'yan kwamiti ɗaya bayan ɗaya. Wani lokaci ya amsa, wani lokaci ya kama waƙar coci da yarensu, wani lokaci kansa ya faɗi a wuyan doki sai na girgiza shi da ƙarfi. Ya yi amai sau biyu a kafaɗata. Ina addu'a da baki, amma zuciyata tana wani wuri, kuma ina jin kunyar inda take. Ina tunanin yadda ake kai gawa gida daga nan. Ina tunanin Kafanchan, garin da ƙaramar magana takan zama babba, a ce sakatare Musulmi ya tafi da shugaba Kirista ya dawo shi kaɗai. Wa zai tsaya ya ji bayanin iska? Mutum yana mutuwa a hannuna ina tunanin abin da za a ce da ni.

A gadojin waya doki ba ya haye da mutum a kansa. Sai a kwance Baba, Tashi ya goya shi da igiyar da suke ratayawa a goshi, ya haye da shi, a sake ɗaurawa. Gada uku muka haye haka. Sai bayan ta ukun na lura ashe ni ma na haye su, ban ma san na yi ba. Muka wuce gidan Dawa ba mu tsaya ba. Ta gan mu daga ƙofa, ta biyo mu da gudu da butar ruwan zafi da bargo, ta rufa wa Baba, ta koma.

Da la'asar sakaliya muka isa wani ƙauye mai ɗan ɗakin shan magani. Ma'aikaciyar ta sa masa abin numfashi a hanci ta yi masa allura, ta ce da mun ƙara yini ɗaya a sama da ba wannan maganar ake yi ba. Na fassara wa kaina wannan, don babu wanda zan fassara wa.

Da gari ya waye Baba ya buɗe ido ya ce, “Sakatare, ina farin abin? Mun wuce shi?” Bai tuna komai ba tun daga gidan Dawa. Na gaya masa ba mu kai ba, ya yi tsaki ya ce maleriya ta cuce shi. Muka sauko a hankali, muka yi kwana biyu a Kathmandu likita yana duba shi, muka hau jirgi. Har yanzu bai koma hawa babur ba, ya ce in ya juya kai da sauri ƙasa tana motsi.

Lahadi biyu bayan dawowarmu aka yi sujadar godiya a cocinsu a Kagoma, aka gayyace ni. Na je na zauna a baya. Fasto ya kira ni gaba ya ce ga wanda ya riƙe ƙafar Baba daga kan dutse har ƙasa, ga abin da ake kira maƙwabtaka. Aka yi ta tafi, matan zumunta suka yi guɗa. Ina tsaye ina murmushin yaƙe.

Bayan an tashi aka wuce gidan Baba cin abinci. Matarsa, Mama Rifkatu, tana madafa tana kwasar tuwon acca. Na bar maza a tsakar gida na je na durƙusa a bakin ƙofa na gaishe ta, sannan na gaya mata komai game da fassarar, yadda na gaya muku. Ba ta daina kwasa ba har na gama.

“Wannan mutum,” ta ce, “shekara talatin da biyar ina tare da shi, ban taɓa tambaya shi yaya jiki ba. Ɓata baki ne. Kwano nashi nake duba. Yana cin abinci a can?”

Na ce tun daga kwana na huɗu bai ci ba.

“Mai jagora bai gani kwano yana dawowa da abinci ba?”

Wannan ne abin da ban faɗa wa kowa ba, ko Tashi, kuma ban rubuta shi a sama ba don hannuna ya ƙi. A can barin abinci a kwano rashin kunya ne ga mai gida. Baba sai ya turo mini nasa ta ƙarƙashin tebur, ni kuma hawan dutse ya sa mini yunwar da ban taɓa ji ba. Kullum kwano biyu ake kwashewa a gabanmu, duka a sharce.

Na ce, “Ni nake cinyewa, Mama.”

Sai a lokacin ta ajiye mara ta dube ni. A tsakar gida ina jin muryar Baba yana ba mutane labarin gadar waya, ana dariya.

“To ba Turanci ne ya ruɗe ka ba,” ta ce.

Na ce a'a.

Ta ɗauki kwano ta zuba tuwo, ta zuba miya, ta rufe. Na miƙa hannu ina tsammanin nawa ne. Ta ce in kai wa Baba, in zauna a gabansa, kada in tashi sai ya cinye.